Bikon Inna Sabuwa

Kwana da kwanaki ke nan Uwaliya tana fama da wata damuwa. Gidansu da ke Dandamisa ya yi shiru. Shirun nan kuwa ya hana ta sakat.

A gidan akwai wata tsohuwa, Inna Sabuwa, uwar mijin Uwaliya. Akwai kuma ɗan Uwaliya na fari, yana aji biyu a ƙaramar sakandare. Da yake ɗan fari ne, Uwaliya ba ta kama sunansa. "Kai" take ce masa, ko "yaron nan". Mu ma sai mu bi ta a haka.

Kun dai san yadda jika yake da kakarsa. Wasa ne ba ƙaƙƙautawa. Inna tana ce masa "angona", shi kuma yana ce mata "amarya". Har 'yan unguwa suka ɗauka, kowa Ango yake kiransa.

Da safe in ya rataya jaka zai fita, sai Inna ta leƙo daga ɗaki.

"Angona, haka za ka fice ba cefane?"

"Amaryar da ba ta da haƙora me za ta ci? A dama mata kunu."

"Ja'iri! Da haƙoran da ka raina na tauna wa ubanka gyaɗa."

Sai gida ya ɗauki dariya.

Bayan la'asar kuma tare suke bita. Inna ba ta yi boko ba, amma sai ta zaunar da shi ta ce, "Ba ni labarin abin da ka karanto yau. In ka yi in-ina, na fasa auren."

To, duk wannan ya tsaya cak. In yaron ya gaishe ta, sai ta ce "lafiya lau" ta kawar da kai. Ta daina zuwa makarantar matan unguwa, ita da take riga kowa shimfiɗa tabarma. An yi suna a maƙwabta, ba ta leƙa ba. Ko a cikin ɗaki ɗankwalinta a ɗaure yake tamau, ga mayafi a kai, ga zafi.

Uwaliya ta shiga tuhumar kanta. Ko gishiri ne ya yi yawa a miya? Ta rage gishiri. Inna ta ci, amma ba ta saki fuska ba. Ko ruwan wanka ne bai yi zafi ba? Ta ƙara itace. Ta yi mata faten tsaki da yakuwa, wanda Inna take so fiye da komai. Inna ta sha kaɗan ta ture kwanon.

"Inna, ko na yi wani laifi ne?" Uwaliya ta tambaya tana durƙushe.

"Ba ki yi ba, 'yar nan. Je ki aikinki."

Maigidan kuwa ba ya nan, ya bi motar rake zuwa kudu. Uwaliya ba ta so ta tayar masa da hankali a kan hanya.

Shi ma yaron ya canja. Ga jarrabawa ta ƙarato, amma sai ya buɗe littafin tarihi ya zura masa ido, ba ya juya shafi.

Ran nan Uwaliya ta kai markaɗe inji. Tana cikin layi sai maƙwabciyarta Mukarrama ta taɓo ta.

"Uwaliya, ashe surukarki 'yar fim ce ba mu sani ba?"

"Wane irin fim kuma?"

Mukarrama ta miƙo mata waya tana dariya. Wani ɗan guntun bidiyo ne. Ga Inna Sabuwa a tsaye da faifai a ka. Ta dubi hagu, ta dubi dama, ta zabura da gudu, ta yi tuntuɓe. Faifai ya yi gefe, ɗankwali ya zame. Furfura ta bayyana, ga kitso rabi a tsefe. Inna ta kwala ihu, "Wayyo, mota!" Sai bidiyon ya koma farko, ya sake, ya kuma sakewa. A ƙasansa an rubuta: "Amaryata ta tsufa."

Uwaliya ta ƙura wa bidiyon ido. Tsakar gidanta ce. Ga turminta, ga randarta. Har muryarta ta ji a ciki tana dariya daga madafa.

"Wa ya ba ki wannan?"

"Daga Kudan ƙanwata ta turo min. Ta ce ita ma daga Ikara ya zo mata."

Uwaliya ta ɗauki robar markaɗenta. Ba ta ma san lokacin da ta iso gida ba.

Da yaron ya dawo daga makaranta, ta bari ya ci abinci tukuna. Sannan ta ja shi bayan rumbu, inda Inna ba za ta ji ba.

"Kai, ranar da ka ari wayata ka ce aikin makaranta za ka yi, me ka yi da ita?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Aikin makaranta ne, Umma, wallahi. Malama Khairunnisa ce ta ba kowa shekara ɗaya. Ta ce mu nemi babban da ya ga shekarar da idonsa, ya ba mu labari. Ni na samu 1972, shekarar da motoci suka bar hannun hagu suka koma dama. Inna ta ce tana tallar gyaɗa a bakin titi a lokacin. Ta ce in ɗauka in kai wa Malama."

"To, ka kai wa Malama?"

"Ban kai ba tukuna." Muryarsa ta yi ƙasa. "Wurin da ta faɗi ne ya ba ni dariya. Na yanko shi na tura wa abokina Suhaib a wayar babansa. Shi kaɗai fa, Umma."

"Shi kaɗai? Ga shi har Ikara!"

"Ni ma na sani. Ƙanen Inna na Furana ya bugo waya. Ni na kai mata. Na ji yana cewa me ya kai ta yawo a wayoyin mutane kai a buɗe."

Uwaliya ta dafe ƙirji. Ashe abin da tsohuwa take haɗiya ke nan ita kaɗai.

"Amma Umma, ai wasa ne," in ji yaron. "Kullum ina ce mata ta tsufa, dariya take yi."

"Kai jikanta ne, kana da wasa da ita. Mai shayin tasha jikanta ne? Direbobin Ikara jikokinta ne? Rabon da wani na waje ya ga kan Inna tun tana budurwa. Yau kai ka nuna wa gari."

Hawaye suka zubo wa yaron. "Na goge a wayarki, Umma. Amma ya ƙi goguwa a wayar mutane."

Uwaliya ta dubi wayarta. Ita a firamare ta tsaya. Abin da ta sani a waya shi ne kira da sauraron saƙon murya. Yadda ake kamo abin da ya riga ya fita, wannan ya fi ƙarfinta.

Washegari ta yafa mayafinta mai kyau, ta bi yaron makaranta. Duk hanya tana ta saƙe-saƙe. Ko malamar za ta yi mata Turanci? Ko za a kori yaron?

Tun daga nesa ta jiyo sowa daga ajinsu. Ta tsaya a bakin taga tana kallo.

An ɗaura wata igiya daga taga zuwa taga, kamar ta shanya. A jikinta an rataya kwalaye, kowane da shekara rubuce da manyan baƙaƙe. Malama Khairunnisa tana tsaye a gaba da lemon zaƙi a hannu. Sai ta jefa shi cikin aji. Wanda ya cafe, shi ke da amsa.

"Wace shekara aka haɗa Arewa da Kudu?"

"1914!" in ji yarinyar da ta cafe. Ta ruga ta taɓa kwalin.

"Yauwa! Jefa wa wani."

Lemon ya sauka a kan wani yaro mai gyangyaɗi. Ya zabura ya ce, "Sarauniya Amina!" tun ba a tambaye shi ba. Aji ya kwashe da dariya.

Malama ta hango Uwaliya, ta fito da sauri.

"Sannu da zuwa, Mama. Ina kwana? Yaya gida, yaya yara? Yaya Inna?"

"Lafiya lau, Malama. Yaya aiki? Dama maganar Innar ce ta kawo ni."

Ta faɗa mata komai. Malama ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba. Sannan ta ba ta kujera a cikin aji.

"Yara, a ajiye lemo," in ji Malama. "Wa ya ga bidiyon kakar Ango?"

Hannuwa suka tashi, kusan duk aji. Wasu suna ƙunshe dariya.

"To, wa ya tura wa wani?"

Dariya ta ɗauke. Hannuwa suka riƙa tashi a hankali.

"Malama, ni fa mutum biyu kawai na tura wa," in ji Suhaib.

"Madalla. Ango, zo ka kama hannun Suhaib. Suhaib, kama hannun mutum biyunka. Su ma kowa ya kama na wanda ya tura wa."

Yara suka fara kama hannun juna. Layi ya miƙe, ya karkace, ya zagaye tebura. Kafin ka ce me, ya fita ta ƙofa har baranda.

"Kun gani?" in ji Malama. "Ango mutum ɗaya ya tura wa. Wannan na cikin ajinmu ne kawai. Akwai na Kudan, akwai na Ikara. Su hannunmu ba zai kai gare su ba."

Sai ta nuna bango. A can an manna wata ƙatuwar waya da aka yanka da kwali. A fuskarta an rubuta tambayoyi.

"Me muke tambayar kanmu kafin mu tura abu?"

Yara suka haɗa baki: "Gaskiya ne? Mai abin ya yarda? In ni ne, zan so?"

"Kun iya rerawa kamar waƙa. Amma ranar da kuka riƙe waya ta gaske, duk kun manta. Ango, Inna ta yarda?"

"Ta yarda in kawo miki ne kawai, Malama."

"Suhaib, in kakarka ce fa?"

Suhaib ya sosa ƙeya. "Da na yi faɗa da duk wanda ya yi dariya."

Uwaliya ta zaci yanzu za a ɗauko bulala. Sai ta ji Malama ta ce, "To, ɓarna dai mun yi ta tare. Yaya za mu gyara?"

Wani ya ce a karɓe wayoyin duk garin. Wani ya ce Ango ya yi tsallen kwaɗo har gida. Can wata yarinya mai suna Ramla ta ɗaga hannu.

"Malama, ai amarya ce ta yi yaji. In mata ta yi fushi, ba sai miji ya ɗauki mutane da goro a je a ba ta haƙuri ba? Biko za mu je."

Aji ya fashe da dariya. Uwaliya ma ta ji dariya ta kuɓuce mata, ta yi sauri ta rufe baki da mayafi.

"Mama, kina ganin zai yiwu?" Malama ta tambaye ta.

"Ban sani ba, Malama. Inna in ta yi fushi ba ta da sauƙi."

"To, ki fara nema mana izini. Ba za mu faɗo mata gida haka kawai ba."

Kafin a tashi, Malama ta ba kowa aiki. Kowa ya je ya faɗa wa iyayensa gaskiya. Ya goge bidiyon a gabansu. Ya kuma roƙi wanda ya tura wa shi ma ya goge.

Da yamma Uwaliya ta durƙusa a ƙofar ɗakin Inna.

"Inna, malamar su yaron nan tana so ta zo gaishe ki, ita da ɗalibanta."

Inna ta gyara mayafinta. Can ta ce, "Ba a korar mai gaisuwa."

Yaron kuwa bai zauna ba. Ranakun da ba makaranta ya tafi gonar baban Suhaib tsinkar barkono don ya samu kuɗi. Ya dawo yatsunsa suna raɗaɗi. Ya manta ya murza ido, ya yi ta tsalle a tsakar gida yana neman ruwa. Uwaliya ta ga labulen Inna ya ɗan motsa.

Da aka sallame shi, ya bi Uwaliya kasuwar Makarfi. Shi ya zaɓi ɗankwali da kansa, ja mai ratsin ruwan ƙwai. Ya sayi goro fari, aka naɗe masa a ganye.

Ranar biko, Uwaliya ta share tsakar gida har sau biyu. Bayan la'asar sai ga sallama. Malama ce a gaba, yara a bayanta sun yi layi. Suka cire takalma, suka durƙusa. Tsakar gida ta cika, har kaji suka rasa wurin tsayawa.

Inna tana zaune a kan tabarma, fuska a ɗaure. Malama ta gaishe ta, ta tambayi jiki, ta tambayi gida, ta tambayi mutanen Furana. Inna tana amsawa a taƙaice.

Sai Ramla ta matso gaba. Ta gyara murya kamar wata babbar mace.

"Inna, mu dangin ango ne. Biko muka zo."

Leɓen Inna ya ɗan motsa, ta yi sauri ta danne.

"Biko? Wa ya ce muku ina da miji?"

"Ga shi nan, Inna. Duk ya rame."

"Wannan? Wannan ai ɗan jarida ne."

Yara suka sunkuyar da kai suna dariya ƙasa-ƙasa. Yaron ya rarrafo gaban kakarsa. Ya ajiye goro da ɗankwali.

"Inna, na yi laifi. Kin ba ni labari don Malama, ni kuma na tura wa wanda ba ki ce ba. Na sa an yi miki dariya. Ki yafe min."

Suhaib ma ya matso. "Ni ma da hannuna a ciki, Inna. Mu duka. Mun goge."

Inna ta dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta dubi jikanta.

"Ka san abin da ya fi ƙona min rai? Na zauna na ba ka labari mai tsawo, wanda ko ubanka bai taɓa ji ba. Ka zubar da shi duka. Sai wurin da na faɗi ka tsinta ka kai wa mutane."

Uwaliya ta ji idonta ya kawo ruwa.

"In kai ka ce na tsufa, daɗi nake ji," in ji Inna. "In wanda ban sani ba ya faɗa, zagi ne. Ka gane?"

"Na gane, Inna."

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki ɗankwalin. Ta warware shi, ta ɗaga shi a rana, ta juya.

"Wannan ai na 'yan mata ne. Ja haka, sai ka ce barkono?"

"Ai da barkono aka saye shi," in ji Suhaib.

Nan Inna ta kasa daurewa. Dariya ta ƙwace mata, har tana dafa gwiwa. Yara suka ɗauki tafi da sowa.

"Ku tsaya, ku tsaya!" in ji Inna. "Ban ce na koma ba. Ni ba na auren jahili, kuma ba na shiga dangin jahilai. An ce jarrabawa za ku yi. Sai na gwada ku."

Malama ta yi murmushi ta buɗe jakarta. Ashe ta taho da kwalayen nan. Uwaliya ta kwashe shanyarta da sauri, aka rataya shekaru a igiyar. Inna ta ɗauki sandarta ta nuna kwali ɗaya.

"Wannan fa?"

"1960! Shekarar samun 'yancin kai!"

"A shekarar aka haife ni. Ni da Najeriya sa'anni ne, amma na fi ta jin magana. Wancan fa?"

"1973! An fara kashe naira da kwabo!"

"Haka ne. Kakata ta ƙi karɓa, ta ce wasan yara ne. Kai mai kunnuwa, na ƙarshen can fa?"

Mai kunnuwa ya yi in-ina. Inna ta ce a cire shi daga dangin ango. Ya yi ta roƙo, aka raɗa masa amsa, aka mayar da shi. Haka aka bi igiyar daga wannan bakin zuwa wancan. Wanda ya kuskure, Inna ta yi masa tsiya. Wanda ya dace, ta sa masa albarka.

Da aka zo kan 1972, Inna ta tashi ta shiga ɗaki. Ta fito da jan ɗankwali a kanta, ta kafa ɗauri kamar mai zuwa biki. Ta zauna ta gyara zani.

"Angona, ɗauko wayar."

Yaron ya dubi uwarsa. Uwaliya ta miƙa masa. Bai danna komai ba tukuna.

"Inna, kin yarda in ɗauka?"

"Na yarda."

"Wa da wa zan tura wa?"

"Malama, da duk wanda ya ga na farko. Su ga yadda nake in na shirya."

Sai ta fara. Ta faɗi yadda aka yi ta sanarwa a rediyo, mai shela kuma ya zaga gari. Ta faɗi yadda direbobi suka riƙa tafiya a hankali kamar masu koyo. Ta faɗi yadda ita, da farantin gyaɗa a ka, ta dubi inda ta saba duba, mota kuma ta ɓullo ta ɗaya hannun.

"Na watsar da gyaɗa na ruga. Direban ya tsaya, ya sauko, ya taya ni tsincewa. Ya ce, 'Yarinya, kar ki ji kunya. Ni ma tun safe nake ji kamar na sa riga a baibai.'"

Yara suka yi dariya, Inna ma tana yi. Wannan karon tare da ita ake yi.

Da jarrabawa ta zo, yaron ya dawo gida da gudu tun daga zaure.

"Amarya! Ya fito! Canjin hannu ya fito!"

"Ka rubuta sunana?"

"Ba a tambaya ba."

"To, malaman nan ba su san tarihi ba."

Sakamako ya fito, ya ci tarihi da kyau. 'Yan ajinsu ma da yawa sun ci. Inna ta koma makarantar mata, kuma ba wanda ya riga ta shimfiɗa tabarma.

Sai dai tsohon bidiyon bai mutu duka ba. Wata rana wani ɗan uwa daga Kurmin Kogi ya turo shi wayar Uwaliya, bai san gidan aka ɗauka ba. Yaron ya gani. Ya kira mutumin, ya gaishe shi da ladabi. Ya ce kakarsa ce, kuma ba ta yarda a yaɗa ba. Ya roƙe shi ya goge, ya tura masa sabon.

Darasin a fili yake, yara. Abin da ka tura a waya ba ya dawowa hannunka. Wasan da ya dace a tsakar gida ba lallai ya dace a waje ba. Kada ka ɗauki hoton mutum ko muryarsa, kada kuma ka tura, sai ya ce maka ya yarda.

Da aka koma sabon zango, Malama ta sake raba shekaru. Wannan karon na zamanin iyaye mata ne. Yaron ya samu shekarar da wayar salula ta fara shiga hannun mutane.

Ya sami Uwaliya tana tankaɗe. Ya durƙusa a gefe.

"Umma, kina tuna ranar da kika fara magana a waya?"

Ta tuna sarai. A ƙarƙashin wata lema ce a kasuwa, inda ake biya a buga waya. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta yi ta ɗaga murya don a ji ta a Kano. Har durƙusawa ta yi da ta ji muryar yayanta.

"Ina so in ɗauka in kai wa Malama. Ita da 'yan aji kawai. Kin yarda?"

"Ni? A gabanka? Ga kuma Inna tana ji?"

"Ki zauna mana, 'yar nan!" Inna ta ɗago murya daga ɗaki. "Ni da na tsufa ma na yi suna."

"In kin ce a'a, shi ke nan, Umma," in ji yaron. "Sai in tambayi wata."

Uwaliya ta dubi rariya, ta dubi wayar, ta dubi ɗanta. Kunya tana ja ta nan, son ta taimake shi yana ja ta can.

"Bari in yi tunani," ta ce.

Har yau tunanin take yi, yaron kuma yana jira bai matsa mata ba. To, ku yara masu karatu, ku ba ta shawara. Ta zauna a ɗauka, ko ta ce a'a?